Kai Magen Titi Sabon Gida Daga Kaduna: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Taimakawa da Mota

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin mutanen da aka roƙa su ɗauki mage daga wata unguwa a Kaduna su kai ta inda aka samo mata mazauni, ko a cikin gari, ko Zariya, ko gaba da nan. Yawancinsu ba su taɓa riƙe mage ba, mota kawai gare su da niyyar neman lada. An fara da tambayoyin da ya kamata a warware tun kafin a kunna mota.

Wace irin mage ake nufi? Ai mage mage ce.

Ba ɗaya suke ba. Akwai wadda ta tashi a gida, ta saba da hannun mutane, daga baya ta ɓata ko masu ita suka yi ƙaura suka bar ta. Irin wannan in ka tsuguna ka miƙa mata kifi za ta matso, har ta yi maka kuka tana goga jiki. Akwai kuma wadda aka haifa a kango ko bayan rumfunan kasuwa, ba wanda ya taɓa shafa ta. Wannan ba ta yi wa mutum kuka, ba ta yarda a haɗa ido, tana tafiya ciki a ƙasa, kuma sai dare ya yi take fitowa. In aka rutsa ta, sai huci da yakushi.

Bambancin ya samo asali ne tun tana jaririya. Ɗan mage yana koyon sabo da mutane tsakanin mako 2 zuwa 7 da haihuwa. Wanda ya wuce wannan lokaci bai ji hannun mutum ba, da wuya ya zama kyanwar Lami daga baya. Duk abin da ke ƙasa an rubuta shi ne domin irin ta biyun.

Dole ne sai an ɗauke ta daga inda take?

A'a, kuma wannan ce tambayar da na fi son a tsaya a kanta. Magen titi ta san unguwarta ciki da bai: inda ake zubar da ƙashin kifi, katangar da kare ba ya iya hawa, lungun da take fakewa in hadari ya taso. Ɗauke ta raba ta ne da duk wannan. In tana samun abinci kuma ba wanda ke cutar da ita, abin da ya fi shi ne a kama ta, likita ya yi mata aikin hana haihuwa, ya kuma yi mata allurar riga-kafi, a mayar da ita wurinta.

Ana ɗauke ta ne in zama ya gagara. Misali za a rushe kangon da take ciki, ko maƙwabta sun fara zuba shinkafar ɓera, ko yara sun sa ta gaba da jifa, ko ta ɗanɗana 'yan tsakin wani har ya rantse sai ya ga bayanta. Amma "ina jin tausayinta" kaɗai bai isa dalili ba.

To ni da zan yi tuƙi, mene ne aikina? Wa ke biyan kuɗin mai?

Aikinka uku: ka karɓi keji a rufe, ka kai shi a rufe, ka miƙa shi a cikin ɗaki a rufe. Kamun mage da neman mata gida aikin wanda ya ceto ta ne. Sai dai kana da damar ka ƙi tashi in ba ka yi magana da mai karɓa baki da baki ba, ka ji cewa ɗakin da za a ajiye ta yana nan a shirye. Ka kuma tambayi me yake so ya yi da ita. Mai rumbun hatsi da ɓeraye suka dama, amsarsa a fili take. Wanda ya nace shi lallai sai baƙa wuluk, kuma ya kasa faɗin dalili, a bar shi ya nema a wani wuri.

Maganar mai a gama ta tun a gida, haka ma maganar wanda zai dawo da kejin. Keji ya fi mai jawo ɓacin rai, don shi ne ake mantawa.

A cikin me zan sa ta? An ce buhu ya fi sauƙi.

Buhu shi ne abin da aka saba, kuma shi ne mafi muni. Iska ba ta shiga sosai, zafi na taruwa, ba ta da wurin dafa ƙafa, haƙori da farce kuma suna ratsa shi su sami cinyar mai riƙo. Kwali ma bai tsira ba: da ta yi fitsari gindinsa ya jiƙe, sai ta ɓarke shi.

Abin da ake so shi ne keji mai tauri na roba ko na waya, mai ƙofar da ke kullewa, wanda za ta iya juyawa a ciki amma ba mai faɗin da za ta riƙa gara-gara in an taka burki ba. Masu sayar da kayan dabbobi suna kawo na roba, masu walda a Panteka kuma za su haɗa maka na waya in ka kwatanta musu. Ka ce su sa raga mai ƙananan idanu, su goge bakin wayar kada ta yanke ta. In abin ya zo da gaggawa, kwandon roba na wanki guda biyu masu ƙarfi, a kifa ɗaya a kan ɗaya a ɗaure bakinsu da waya ko'ina, suna fitar da mutum kunya a tafiyar cikin gari. A shimfiɗa tsohon tawul ko jarida a ƙasa, a ƙara ɗaure ƙofar da waya ko da makullinta lafiya lau, sannan a lulluɓe kejin da zani mara nauyi, a bar gefe ɗaya don iska. Duhu ne ke kwantar mata da hankali.

Yaya ake shigar da ita kejin?

Ba da hannu ba. Kwanaki kafin tafiya a ajiye kejin a buɗe inda take cin abinci, a riƙa sa abincin a bakin ƙofa, kullum ana ƙara tura shi ciki. Kifin gwangwani ya fi komai jawo ta saboda ƙarni. Ranar da za a kama, a bar ta da 'yar yunwa, a ɗaura doguwar igiya a ƙofar, a koma nesa a zauna. Tana shiga ta sunkuya kan abinci sai a ja, a lulluɓe nan take. Za ta yi ta buga kanta da raga na ɗan lokaci, da duhu ya rufe ta za ta lafa.

Kada a tara yaran unguwa a ce su kewaye ta. In an yi haka aka kuskure ta sau ɗaya, sai a yi makonni ba ta ƙara kusantar wurin ba. In mace ce, a leƙa nonuwanta ta raga kafin a tafi, ko tana shayar da 'ya'ya; bayanin wannan yana nan gaba.

Sai an biya wurin likitan dabbobi kafin a kama hanya?

In da hali, ƙwarai. Magen da ba ta yarda a taɓa ta, likita sai ya sa mata allurar barci kafin ya duba ta, don haka gara a yi komai a zama ɗaya: fiɗiya in muzuru ne, cire mahaifa in mace ce, riga-kafin ciwon haukan kare, maganin tsutsar ciki da na ƙuma. Ana fara allurar haukan kare daga mako 12 da haihuwa. Akwai likitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu a cikin Kaduna, in kuma Zariya aka nufa, Jami'ar Ahmadu Bello tana da asibitin koyarwa na dabbobi. In an yi mata aiki, likitan ne zai faɗi ranar da za ta iya doguwar tafiya, ba direba ba.

Muzurun da aka fiɗiye ya fi zama wuri ɗaya, ya rage yawon dare da faɗa da fesa fitsari a bango. Mace kuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4 zuwa 6, cikin kuma wata biyu ne da 'yan kwanaki. Wanda ya karɓi mage ɗaya don ɓera bai yi alkawarin riƙon goma ba.

Abu ɗaya da ake yawan yi da kyakkyawar niyya: ganin ƙuma a jikinta sai a yayyafa mata fiya-fiya ko maganin kaskar shanu. Mage tana lashe jikinta, guba ce aka ba ta.

In ba ta abinci kafin mu tashi? Ko in ɗan sa mata maganin barci ta huta?

Babbar mage a janye mata abinci kamar awa 4 zuwa 6 kafin tafiya, don cikakken ciki da jijjigar mota amai suke kawowa. Ruwa a bar mata har lokacin tashi. 'Yan ƙanana ba a sa su wannan azumi. Madara kuma a bar ta, yawancin manyan maguna gudawa take sa su.

Maganin mutane kuwa, ko ƙwaya ɗaya kada a ba ta. Farasitamol, wanda ake ganin ba shi da illa, yana kashe mage, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Akwai maganin kwantar da hankali da likitan dabbobi kan bayar gwargwadon nauyinta. In bai rubuta ba, lulluɓin zani ya isa.

Wane lokaci ya fi, kuma ina zan ajiye kejin a mota?

Bayan sallar asuba, gari ya fara haske. Rana ba ta yi zafi ba, ba a fara cunkoson Kawo ko na wajen Kasuwar Barci ba, kuma za ka isa da sauran yini. A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna kan haura digiri 35 da rana tsaka, mota a rufe kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Mage ba ta gumi kamar mutum, sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa, saboda haka zafi ya fi saurin kayar da ita. Da hunturu kuma akasin haka, 'yan ƙanana ne ke buƙatar ƙarin tsumma da sassafe. Tafiyar dare a manyan hanyoyin da suka fita daga Kaduna ba sai an yi wa kowa bayani ba.

Kejin a sa shi a ƙasa, bayan kujerar gaba, a tura kujerar baya ta matse shi, ko a kan kujerar baya a zagaya shi da bel. Ba a but ba, ba a bayan a-kori-kura cikin rana ba, ba a cinyar yaro ba. A rage sautin rediyo. In za ka tsaya sallah ko cin abinci, ka nemi inuwa, wani ya zauna tare da ita gilashi a ɗan sauke.

Ba ni da mota. Keke ko motar haya fa?

Keke Napep yana yi a cikin gari, daga Unguwar Rimi zuwa Malali ko daga Barnawa zuwa Kakuri, in ka ɗauki shata kai kaɗai kuma ka riƙe kejin a tsakanin ƙafafunka. Acaba a'a: ƙara, iska, da haɗarin kejin ya suɓuce ya fashe a kan kwalta.

Motar haya daga tasha, ka faɗa wa direba gaskiya tun kafin lodi, ka biya wa kejin kujera in ya kama. In ka yi shiru, kwandasta zai cusa shi a but tsakanin buhunan masara. Wasu fasinjoji ma ba za su so tafiya da mage ba, don camfin da ake yi a kanta, kuma tasha ba wurin wa'azi ba ce, ka jira wata motar. Aika ta kamar saƙo a hannun direba ba tare da ɗan rakiya ba, wannan ban yarda da shi ba ko kaɗan. Jirgin ƙasan Rigasa zuwa Idu kuwa, kada ka sayi tikiti sai ka ji ta bakin jami'an tashar.

Tana ta kuka, ta kuma ɓata kejin. In tsaya in gyara?

Kada ka buɗe. Wannan ita ce doka ɗaya da in ka manta duk sauran ka riƙe ta. Kuka, fitsari, kashi, amai, dalalar miyau, duk tsoro ne, ba sa kisa. Ka ɗan sauke gilashi ka haƙura da wari. Magen titi in ta ga ƙofa ta yi rata kamar faɗin yatsu biyu, ta fita kafin ka ƙifta ido, ko ta shige ƙarƙashin burki kana tuƙi, ko ta tsallaka titi a wajen Jaji inda ba ta san kowa da komai ba. Nan ba ceto aka yi ba, an dai sauya mata wurin mutuwa.

Abin da ke sa a tsaya shi ne haki: baki a buɗe, harshe a waje kamar na kare, ko ta kwanta sharaf. Mage ba ta haki haka kawai. Ka shiga inuwa, ka kunna na'urar sanyaya mota, ka ɗage zanin ta gefe biyu, ka yayyafa mata ruwa mai ɗan sanyi ta cikin raga, ba na ƙanƙara ba, ka nufi likita mafi kusa. Duk wannan ana yin sa ƙofa a kulle.

In jami'ai sun tsayar da ni a shinge suka ce in buɗe?

Ka yi sallama, ka ce, "Yallaɓai, mage ce za a kai wa mai ita, tana cizo." Ka ɗage zanin su gani ta raga. Katin allura daga likita yana rage dogon zance.

Tafiyar da nisa, Kano ko Abuja. Za mu iya raba hanya da wani?

Ana yi. Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, zuwa Kano kuma ya haura 200, saboda haka mutum ɗaya ya kai Zariya, wani ya karɓa a wajen Kwangila ya ƙarasa. Sharaɗin shi ne kejin ne ke sauya mota, ba magen ke sauya keji ba. A haɗa da katin likita, da ɗan abincin da ta saba ci, da tsumman da ta kwana a kai, don warin jikinta da ke ciki zai taimaka mata a sabon wuri. Mai karɓa ya riga isa wurin haɗuwa, kada a bar ta tana gasuwa ana "ga ni nan zuwa". A tafiyar awa 3 ko 4 ba ta buƙatar abinci.

Ta cije ni, ko ta yakushe ni har jini ya fito.

Ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a duba agogo, ba a kintata ba. Sannan ka je babban asibiti a ranar, irin su Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho, ka faɗa musu magen titi ce wadda ba a san tarihin allurarta ba. Haƙorin mage siriri ne, yana kai ƙwayoyin cuta can ciki, bakin ciwon ya rufe a kansu. Hannu kan kumbura kafin kwana ɗaya, musamman in a gaɓar yatsa ne. Likita zai duba maganar maganin kashe ƙwayoyin cuta, da allurar tetanus, da ta haukan kare.

Gaskiya ne kare ne ke kawo kusan duk ciwon haukan da ke kama mutane, amma mage ma tana ɗauka, kuma da alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tashi. Kada a kashe magen cikin fushi, kada kuma a sake ta. A tsare ta kwana 10 likitan dabbobi yana lura da ita, kai kuma ka fara allura in an ce ka fara, ba sai kwanakin sun cika ba. Mai juna biyu kada ta wanke keji ko ta kwashe kashin mage, akwai cutar da ke bi ta nan ta taɓa ɗan da ke ciki.

Mun kama ta sai muka ga nonuwanta a cike. Yaya ke nan?

Tana da 'ya'ya a ɓoye, kuma in aka tafi da ita yunwa za ta kashe su. Ko dai a nemo su a tafi da su gaba ɗaya, ko a sake ta a jira su kai kamar mako 8. In an same su, su tafi a nasu ƙaramin kwando mai tsumma kusa da kejin uwar, don uwar da ta firgice tana iya danne su. A haɗa su a ɗakin da aka sauka.

Haka nan wanda ya tsinci 'yan jarirai su kaɗai kada ya yi saurin cewa marayu ne. Sau da yawa uwar ta je neman abinci ne, ko tana nan kusa tana jiran ka gusa.

Mun iso. In buɗe mata a tsakar gida?

Nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa bayan sun sha wahalar hanya. In ka buɗe a tsakar gida, ta haura katanga ta kama neman hanyar tsohuwar unguwarta. Sai a shiga da kejin cikin ɗaki ko sito, a rufe ƙofa da taga, a toshe duk wata kafa har ta silin. A ajiye ruwa, abinci, da baho mai yashi don fitsari da kashi, a nesa da abincin. A kwance wayar ƙofar kejin, a bar shi a lulluɓe ya zama maɓoyarta, kowa ya fita. A kwashe duk maganin ɓera da ke wurin tun kafin ta iso.

Za ta zauna a ɗakin mako 2 zuwa 4, mutum ɗaya yana kawo mata abinci a lokaci ɗaya kullum, yana yin kira iri ɗaya, har ta gane nan ne ake ci. Wata Hajiya ta taɓa cewa tana tsoron alhaki, saboda hadisin matar da aka yi wa azaba a kan magen da ta tsare. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, kuma laifin matar shi ne ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi nata ba. Wanda ya tsare ta 'yan makonni yana ba ta ci da sha don kada ta ɓata, ba wannan ya yi ba. Ranar sakin, a buɗe ƙofa da yamma kafin lokacin abinci, a bar ta ta fita da ƙafarta. Kuma a ci gaba da ciyar da ita ko da don ɓera aka kawo ta: mai ƙoshi ta fi zama, kuma ba ta fasa farauta.

Kwana biyu ke nan ba ta taɓa abincin ba.

Kwana ɗaya ko biyu na farko ba abin tsoro ba ne. A sa kifi mai ɗumi da daddare, mara albasa da tafarnuwa don suna lalata mata jini, a hana yara leƙe, a duba da safe. In yashin ya jiƙe, tana sha ke nan. In ta kai kwana 3 ba ta ci komai ba a kira likita, domin doguwar yunwa tana taɓa hantar mage.

Ta kuɓuce duk da haka. Akwai abin yi?

Akwai. Magen da ta tsere a baƙon wuri yawanci ba ta nisa da farko, tana laɓewa ne a mafaka mafi kusa, ƙarƙashin mota, cikin kwalbati ko tarin bulo, ta yi tsit har dare. Kada a bi ta da gudu ko da kira. A ajiye kejin da tsummanta da kifi daidai inda ta ɓace, a dawo bayan isha'i da tocila a haska ƙasa-ƙasa, idonta zai ƙyalla. A sanar da mai shayi da mai gadin layin, su ne ke ganin abin da ke yawo da dare. In ta fara zuwa cin abincin, sai a koma dabarar igiya da aka bayyana a amsar shigar da ita keji, kuma a ba ta kwanaki fiye da na farko, don yanzu ta san kejin.